Gulbin Rima da Fadamarsa a Tarihin Ƙasashen Kabi, Zamfara da Gobir

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan Gulbin Rima, watau babban ruwan nan da ya ratsa arewa maso yammacin ƙasar Hausa, tun daga inda rassansa suka taso har zuwa inda ya faɗa cikin Kwara. Za a fara da duba irin ƙasar da ya bi da halinsa na cika da janyewa, sa'an nan a nuna yadda wannan hali ya shafi zaman jama'a da kafuwar birane tun daga ƙarni na 16, daga bisani kuma a dubi abin da ya same shi bayan da aka datse shi.

Masana tarihi sun riga sun yi aiki mai yawa a kan daulolin wannan yanki. M. B. Alƙali ya yi nazarin Kabi a 1969, Garba Nadama ya yi na Zamfara a 1977, Abdullahi Rafi Augi kuma ya yi na Gobir a 1984, ban da littafin Murray Last na 1967 a kan daular Sakkwato. Abin da zan ƙara a kan nasu kaɗan ne. Ina so ne in ɗauki gulbin kansa a matsayin abin nazari, domin a ganina duk wanda ya shimfiɗa taswira ya ɗora manyan biranen waɗannan ƙasashe a kanta, zai tarar kusan dukkansu a bakin fadama ɗaya suke, kuma yawancin yaƙe-yaƙen da muke karantawa da sunan sarakuna, a kan wannan fadama aka yi su.

2.0 SUNA DA MAFARI

Kafin a ci gaba ya kamata a warware wani rikici na suna. A Kano da Zazzau "kogi" ake cewa, amma a Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kabi da Maraɗi "gulbi" ne, shi ya sa na riƙe wannan kalma. Har ila yau, al'adar mutanenmu ce su kira ruwa da sunan garin da ya fi kusa da su. Saboda haka ruwa ɗaya yana iya amsa suna uku ko huɗu kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa. Taswirorin Turawa sun ɗauki sunan Sakkwato suka shimfiɗa shi tun daga Funtuwa har Kwara, suka mai da Rima reshe. Mutanen Argungu da Birnin Kabi kuwa Gulbin Kabi suka sani. A wannan takarda, idan na ce Rima ina nufin dukan ruwan da rassansa, in kuma ina nufin reshe ɗaya zan ambace shi da sunansa.

Rassan sama duk daga tudun Katsina da Zamfara suka taso. Gulbin Sakkwato ya faro daga wajen Funtuwa, ya yi arewa maso yamma ya bi ta Gusau, ya wuce kusa da Talatar Mafara da Bakura, ya bi ta Raba, sa'an nan ya iso gindin birnin Sakkwato. Daga arewa da shi akwai Gagare wanda ya bi ta Ƙauran Namoda, da Bunsuru wanda ya kwaso ruwan ƙoramun yammacin Katsina, irin su Karaɗuwa. Waɗannan biyu suna haɗuwa a ƙasar Isa. Na huɗu shi ne Gulbin Maraɗi, wanda a Katsina ake kiran farkonsa Gada. Shi wannan ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Daga mahaɗar waɗannan ne ainihin sunan Rima yake farawa. Sai ya yi wani babban lanƙwasa kamar baka, ya bi ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato daf da birnin. Daga nan ya yi yamma ta Wamakko da Silame, ya juya kudu ta Augi da Argungu da Birnin Kabi, ya karɓi Gulbin Zamfara wanda ya biyo ta Anka da Gumi da Jega, can ƙasa kuma ya karɓi Gulbin Ka, sa'an nan ya shiga Kwara.

Akwai wasu kwaruruka daga arewa, kamar Gulbin Kaba da kwarin Tarka, waɗanda faɗinsu ya nuna cewa a wani zamani manyan ruwaye ne, amma yanzu da wuya ruwansu ya iso Rima. Su ne shaidar cewa wannan yanki ya taɓa samun damina wadda ta fi ta yanzu nesa ba kusa ba.

3.0 ƘASA DA HALIN RUWA

Ƙasar da gulbin ya ratsa iri biyu ce, kuma fahimtar wannan bambanci ita ce mabuɗin sauran bayanin. A gabas, watau daga Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, ƙarƙashin ƙasa dutse ne mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi. Idan aka yi ruwan sama, sai ya gangaro gaba ɗaya da ƙarfi cikin kwari mai ƙunci, bayan 'yan kwanaki ya wuce. Da damina ta ɗauke sai gulbin ya koma rairayi, mata su riƙa tonon ƙorama suna ɗiba. A yamma kuwa, daga wajen Talatar Mafara da Isa zuwa ƙasa, dutsen nan ya nutse, an jibga masa yashi da yumɓu da farar ƙasa hawa-hawa. Masana duwatsu sun tabbatar cewa teku ta taɓa kwanciya a nan, shekaru miliyoyi da suka wuce. An tono ƙasusuwan dabbobin teku a tsaunukan wannan yanki, har wata babbar dabba mai kama da kada aka laƙaba mata sunan Goronyo a littattafan kimiyya. Farar ƙasar da kamfanin siminti yake haƙa a Kalambaina ma ragowar wannan teku ce.

Shi wannan yashi yana shan ruwa ya adana, sa'an nan ya riƙa sakinsa a hankali ta idanun ruwa da ke gindin tuddai. Ga shi kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangare sosai. Don haka da ruwa ya iso nan sai gudunsa ya ragu, ya rarrabu hannu-hannu, ya bazu a kwari mai faɗin kilomita da dama. Wannan kwari shi ne fadama. Daga wajen Sakkwato zuwa ƙasa ruwa ba ya yankewa ƙaf ko da bazara, sai dai ya ragu ya bar gurabu da tafkuna.

Wani abin lura kuma shi ne, ruwan da yake cika Rima ba a ƙasar Rima aka yi yawancinsa ba. Funtuwa tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, alhali Sakkwato ba ta cika wuce 700 ba, Sabon Birni da Maraɗi kuwa ba su kai haka ba ma. Ke nan gulbin yana kwaso ruwa daga inda ya wadata ya kai shi inda ya ƙaranta. Manomin Wurno yana iya ganin geronsa na tudu yana ƙuna saboda fari, amma shinkafarsa ta fadama tana shan ruwan da aka yi a kudancin Katsina mako guda da ya wuce. Wannan ne ya sa fadamar Rima ta zama mafaka a shekarun yunwa, kuma ya sa jama'a ta taru a bakinta fiye da yadda ruwan saman wurin kaɗai zai iya ciyarwa.

Cikar gulbi takan fara ne a watan Yuli, ta kai matuƙa a Agusta da Satumba, sa'an nan ta shiga janyewa. A yau da an ce "ambaliya" sai hankali ya tashi, amma ga mutanen fadama na dā ita ce arzikin shekara, kuma sana'o'i uku ne suke karɓa-karɓa a kan fili ɗaya saboda ita. Manomi yakan shuka shinkafa da ruwan farko, tun gulbi bai iso ba. Irin shinkafar kuwa ta gargajiya ce, jar nan ta ƙasar Afirka, wadda karanta yake tsawo yana bin ruwa yayin da yake hauhawa, har a wani wuri sai da jirgi ake yankanta. A daidai lokacin kifi yakan fita daga cikin gulbi ya bazu cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi mai yawan abinci. Idan ruwa ya janye sai ya bar sabuwar laka, wadda ita ce takin fadama, ya kuma bar danshi kusa da sama. Nan sai a shiga noman rani: albasa da dankali da rogo da rake da taba da alkama, wani da raɓar ƙasa kawai, wani da jigo daga 'yar rijiya wadda ba ta wuce gaba ɗaya ko biyu ba. Kifin da ya maƙale a gurabu kuma sai Sarkin Ruwa ya sa ranar da za a yi su, a faɗa masa da homa da gora. Can da rani ya tsananta, tudu ya bushe, sai Fulani su gangaro da shanu su ci burgu da kututturen shinkafa, su bar taki.

Ba na cewa zaman ya kasance babu saɓani. Shanu sun sha shiga lambu, masunta sun sha faɗa a kan gurbi. Amma tun da yake kowa da lokacinsa, kuma ruwan ne da kansa yake raba lokutan, akwai ƙa'idar da hakimi ko Sarkin Ruwa ko arɗo zai tsaya a kanta ya yi sulhu.

4.0 BIRANE DA SARAUTA

Daular farko da ta yi ƙarfi a kan wannan ruwa ita ce Kabi. Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya kawo labarin yadda Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle a wajen 1516, kuma rundunonin Sanwai suka kasa komo da shi. Ya gina Surame a bakin fadama, yamma da inda Sakkwato take yanzu, kuma kufan ganuwarta ta dutse yana nan har yau. Dalilan ƙarfin Kabi ba ɓoyayyu ba ne. Tana da shinkafa da kifi, tana da jirage da masu tuƙa su, tana kuma zaune a kan hanyar da ta haɗa Kwara da Azbin da sauran ƙasar Hausa. Bugu da ƙari fadama ganuwa ce da kanta, gama dawaki ba sa iya ratsa ta wata uku ko huɗu a shekara, kuma ko da rani baƙo bai san mashigi ba. Akwai ma labarin da ake bayarwa cewa Kanta yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe da tagulla wanda yake kewaya ƙasarsa a ciki lokacin cikar ruwa. Ko labarin ya inganta ko an yi masa ƙari, ya nuna yadda Kabawa suke kallon sarautarsu, watau sarauta ce ta ruwa. Sunan Sarkawa da ake kiran masuntan wannan yanki shi ma yana da dangantaka da Sorko, masuntan Sanwai na bakin Kwara, kuma Sarkawan nan sun bazu da sana'arsu har Binuwai da Tafkin Cadi.

A wajen farkon ƙarni na 18 Kabi ta raunana, aka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya koma ƙasa ya zauna a Birnin Kabi. Ƙarfi sai ya koma sama, hannun Zamfara. A nan akwai abin da yakan rikita ɗalibai: tsohon Birnin Zamfara ba a bakin ruwan da muke kira Gulbin Zamfara yake ba. Yana can arewa ne kusa da Isa ta yanzu, a yankin da rassan Rima suke haɗuwa. Sai bayan da aka ci birnin ne sarakunan suka yi ta ƙaura kudu har suka tabbata a Anka.

Waɗanda suka ci shi kuwa Gobirawa ne. Su mutanen arewa ne, waɗanda matsin Azbinawa da ƙarancin ruwa suka riƙa turowa kudu sannu a hankali. Sun shigo ƙasar Zamfara da lalama a matsayin baƙi manoma da mayaƙa, aka ba su wuri a bakin Rima, a gonakin da aka ce na Alƙalin Zamfara ne, daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. Da suka yi yawa suka yi ƙarfi, sai Sarkin Gobir Babari ya juya wa masu masaukinsa, ya ci Birnin Zamfara a wajen 1762, Alƙalawa ta zama babban birnin yankin. Idan aka dubi wannan al'amari ta fuskar ƙasa, abin da ya faru shi ne mutanen jigawa sun sauko sun karɓe fadama daga hannun masu ita. Zamanin Bawa Jangwarzo, wanda ake ambato da ƙasaitar Gobir, a kan amfanin wannan fadama da harajin masu noma da kiwo a cikinta ya tsaya.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a cikin wannan kwari aka yi mafi yawansa. Ɗegel tana arewa da Rima kaɗan. Bayan hijira zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu ta matso kusa da Alƙalawa, inda aka yi mata mummunar ɓarna a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara. Yunwa da rashin makiyaya suka sa ta gangara Zamfara ta zauna a Sabon Gari. Daga can ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar zama a Gwandu da samun abincin fadamar Kabi. Alƙalawa kuwa sai a 1808 ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Manyan masu taimakon Shehu na wannan yanki, irin su Muhammadu Moyijo na Yabo da Aliyu Jeɗo da Namoda, shugabannin Fulani ne waɗanda dabbobin jama'arsu suka dogara da ciyawar rani ta bakin waɗannan gulabe. Ba na nufin in rage darajar dalilan addini da suka tayar da jihadi, waɗanda su Shehu suka bayyana da alƙalaminsu. Abin da nake cewa shi ne, runduna sai da abinci, kuma hanyar da jama'a ta bi daga 1804 zuwa 1808 hanyar abinci da makiyaya ce.

A 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a kan wani tudu da ke kallon mahaɗar Rima da Gulbin Sakkwato. Wurin ya haɗa abu biyu da kowane babban birni na yankin ya nema tun daga Surame: tudun da ruwa ba ya hawa, da fadama a gindinsa. Shehu ya taso daga Sifawa ya komo nan a 1815, ya rasu a 1817. Bello kuma ya jera ribaɗoɗi a bakin ruwa don tsaron iyaka da zaunar da makiyaya, mafi shahara cikinsu Wurno, inda ya fi zama, inda kuma ya rasu a 1837. A can ne Barth ya sami Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853.

Sai dai daular Sakkwato ba ta taɓa mallakar gulbin daga sama har ƙasa ba. A can sama, Katsinawan da aka kora sun kafa Maraɗi a bakin gulbi, Gobirawa kuma bayan an karya su a Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri kusa da ita, duka biyun cikin kurmin kwarin da ya ba su mafaka. Daga baya wani ɓangare na Gobirawa ya komo ya gina Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. A ƙasa kuma, Yakubu Nabame ya tayar da Kabi a 1849, Argungu ta zama hedkwata, kuma duk da kusancinta da Sakkwato da Gwandu an kasa cin ta har zuwan Turawa. In ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a shekarun 1860, gaba ce ta ci gaba. Abin da ya tsare Kanta daga Sanwai shi ne ya tsare jikokinsa daga Sakkwato. Wannan gaba ba ta mutu sosai ba sai a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu, aka shirya masa su don girmamawa. Daga nan ne bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo siffarsa ta yanzu, ko da yake al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa sun girme shi da nisa. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016.

5.0 IYAKA DA HANYAR JIRGI

Zuwan Turawa ya yi wa gulbin abu biyu. Na farko, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana iyaka kamar baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, amma da Faransawa suka ga an bar su da hamada babu rijiyoyi a hanyarsu ta zuwa Damagaram, sai aka sake gyara ta a 1904 da 1906. Sakamakon haka Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, iyaka ta yanke Gulbin Maraɗi sau biyu. Na biyu, hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka zama kayan kuɗi, ciniki ya karkata gabas zuwa Gusau da Funtuwa. Garuruwan bakin ruwa irin su Jega, waɗanda kasuwarsu ta cika ƙasa a ƙarni na 19, suka koma baya. Ita ma Maraɗi, ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin da ke cikin kwari, aka tayar da shi aka mai da shi kan tudu inda yake yanzu.

6.0 ZAMANIN MADATSUN RUWA

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya zo daidai da samun kuɗin man fetur, sai gwamnati ta ɗauki ra'ayin cewa ruwan da yake bazuwa a fadama asara ne, gara a tare shi a yi noman rani na zamani. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogin Sakkwato da Rima. Aikinta na farko babba shi ne madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina daga 1974 zuwa 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da niyyar shayar da kimanin hekta 23,000. Bayanta aka yi Zobe a kan Karaɗuwa a 1983, da Goronyo a kan Rima kanta a 1984, wadda ta ninka Bakolori girma, sa'an nan Jibiya a kan Gada.

Labarin Bakolori sananne ne. An tashi dubban mutane daga garuruwan da tafki ya cinye, aka kai su tudu marar albarka. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin kuma aka hana su shuka shekara biyu ko uku ana baje ƙasa, diyya ta yi ta jinkiri. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen wurin da masu bincike da dama suka ce ɗaruruwa ne.

Amma akwai wata ɓarna wadda ba a yi ta da bindiga ba, ba ta kuma shiga jarida sosai ba, ita ce ta mutanen da ke ƙasa da madatsar. W. M. Adams ya bi ƙauyukan fadamar da ke tsakanin Bakolori da Sakkwato a farkon shekarun 1980, ya tarar cewa tsawo da faɗi da daɗewar ambaliya duk sun ragu. Filayen da ake shuka shinkafa suka koma na gero da dawa, waɗanda ba su kai ta daraja ba. Danshin ƙasa ya yi nisa, rijiyoyin lambu suka ƙafe, noman rani ya ja baya. Kifi ya ragu domin ba ya samun ciyawar da zai yi ƙwai, masunta da yawa suka bar gida. Lissafin da aka yi kafin ginin ya ƙidaya abin da za a samu a cikin filin aiki, bai ƙidaya abin da fadama take bayarwa kyauta tun zamanin Kanta ba. A ganina wannan shi ne babban kuskuren, kuma ya samo asali ne daga ɗaukar ambaliya a matsayin ruwan da ya ɓace.

Adalci ne a faɗi amfanin da aka samu. Birnin Sakkwato da Birnin Kabi suna shan ruwan da ake saki daga Goronyo da rani. Sakin nan, tare da ƙananan injunan ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse da suka yaɗu tun daga shirin Fadama na shekarun 1990, shi ne ya sa noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Argungu da Suru da Birnin Kabi, har Gwamnatin Tarayya ta zaɓi Birnin Kabi don ƙaddamar da shirinta na ba manoma rance a 2015. Sai dai shinkafar yanzu gajeriya ce, ba ta bin ruwa, tana kuma bukatar taki da mai da magani, watau kuɗi. Wanda ba shi da jari ya zama ɗan ƙwadago a fadamar kakansa. Filin da shanu suke ci da rani kuma yanzu kore ne da shuka wata goma sha biyu, makiyayi ya rasa mashaya da burtali. Wannan ba shi kaɗai ne sanadin rashin zaman lafiyar da ya addabi Zamfara da gabashin Sakkwato tun daga wajen 2011 ba, amma duk mai neman sanadin bai kamata ya tsallake shi ba.

Madatsun kuma ba su hana ambaliya ba, sun dai sāke mata hali. Dā takan zo a hankali, a lokacin da aka san ta, ta sami shukar da aka yi dominta. Yanzu takan yi shekaru ba ta zo ba, mutane su saki jiki su yi gini da shuka a cikin kwari, sa'an nan shekarar da tafki ya cika a buɗe ƙofofi ta zo dare ɗaya. Haka aka gani a Satumba 2010, lokacin da ruwa ya share ƙauyuka a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware da Silame, ya kuma yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cikin gari. A 2020 ma ruwa ya cinye shinkafar damina mai yawan gaske a Jihar Kabi. A ɗaya gefen, a farkon 2018 tafkin Goronyo ya janye har ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da aka gina shi ya ɗauka, saboda ƙarancin ruwan sama da kuma yashi da ya taru a cikinsa.

Akwai dabarar da aka gwada a wasu wurare wadda ta cancanci a dube ta a nan, watau a riƙa sakin ruwa da gangan a watan Agusta da Satumba, gwargwadon yadda gulbi yake yi dā, a kuma sanar da manoma ranar tun kafin shuka. An yi haka daga madatsar Manantali da ke kan wani babban reshe na Kogin Sanagal, an kuma sake buɗe wa fadamar Logon ta arewacin Kamaru ruwa a 1994, kifi da ciyawa suka farfaɗo. Yin haka a Rima yana bukatar a sarrafa Bakolori da Goronyo da Zobe da Jibiya a matsayin ruwa ɗaya, alhali suna cikin jihohi uku, amfaninsu kuma ya kai jiha ta huɗu. Yana kuma bukatar shawara da Nijar. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwayen da suka haɗa su ta ambaci Gada da Gulbin Maraɗi da sunansu, kuma manoman Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, da na Sabon Birni a bayansu, duk a ƙasa da madatsar Jibiya suke.